Hukuncin shiga yajin aiki ga ma'aikaciyar jinya

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a nan Zariya. Wata huɗu ke nan ba albashi, ƙungiyarmu ta kira yajin aiki. An ce mini yajin aiki tawaye ne ga shugaba, kuma koyi ne da Turawa. Ya halatta in shiga?

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, Allah ya kawo muku mafita. Abin da na riƙe a maganarki shi ne wata huɗun nan. Ba ƙari kuke nema ba, ladan aikin da kuka riga kuka yi kuke bi, kuma wanda ya ɗauke ku aiki shi ya fara saɓa sharaɗi. Haramcin danne haƙƙin ma'aikaci sananne ne. Ya halatta ki shiga.

Masu cewa tawaye ne sun haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Tawayen da aka hana shi ne fita daga biyayya da neman tumɓuke shugaba. Wanda ya ajiye aiki har a biya shi mai bin bashi ne, kuma Annabi (SAW) ya ce mai haƙƙi yana da ta cewa. Hukuma ce ma ta amince da ƙungiyoyin ƙwadago tun dokar 1938, ita ta haɗa su ƙarƙashin uwar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, a 1978. Yaya abin da shugaba ya yi wa rajista zai zama tawaye gare shi? Batun Turawa kuwa, su aka yi wa yajin gama-gari na 1945 da Michael Imoudu ya jagoranta saboda tsadar rayuwa, kuma ma'aikatan jirgin ƙasa na Zariya na ciki. Haɗa kai don ƙwato haƙƙin wanda aka zalunta ya girmi Turawa: Annabi ya halarci Hilful Fudul, alƙawarin da aka ƙulla a Makka na taimakon wanda aka zalunta, ya kuma yaba shi bayan annabta.

Sai dai ke ba a tashar jirgi kike aiki ba. Buhun auduga zai iya kwana a tasha, mai naƙuda ba ta jira. Matar da aka kawo daga Soba tana zubar da jini ba ita ta riƙe albashinki ba. In kika bar wanda ransa ke hannunki alhali babu mai canjinki, kin yi zunubi, ko me ƙungiya ta ce. Ku matsa wa shugabanninku su bar masu kula da ɓangaren gaggawa.

Kada ki ɗauki maganin asibiti da sunan fanshe haƙƙinki, kada ki zagi wadda ta zaɓi zuwa aiki. Na san wata huɗu da wuya, amma ki guji bashin ruwa. Ki gaya wa maigida da 'yan'uwa halin da kike ciki, ba abin kunya ba ne.

Wallahu a'alam.