Famfon giya (gear pump, mai tura mai da giyoyi biyu masu haƙora) ya rage ƙarfi idan mai ya yi zafi, ina zan duba?

Malam, mai zafi yana tsinkewa, sai ya zurara ta inda ƙarfe ya cinye. Kwance famfon, ka wanke da kananzir.

Fara da cikin gidan giya, ɓangaren da mai ke shiga, domin can matsi ke tura haƙora. Idan zurfin cin ya wuce milimita 0.18, sauya gidan. Farantan gefe, masu rufe giyoyin ta gefe biyu, kuwa milimita 0.05 ne iyakar cinsu, kuma su suka fi zubar da ƙarfi. Karce alamar datti ce a mai, sauya filta. Ƙananan ramuka na nufin famfon yana shan iska ko mai ba ya isarsa. Launin shuɗi, zafi ne.

Giyoyin biyu tare ake sauya su, da bush (zoben da sandar giya ke juyawa a ciki) da sil (robar hana yoyo) sababbi.