Na'urar nuna hanya da ladabin tambaya: amsa ga ɗan ƙanena

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso, na gode da gaisuwa. Ina fatan Hajiya da iyalinka duk suna lafiya.

Ka ce ka sayi 'yar na'urar nan mai araha da ake maƙalawa a gilashin mota tana nuna hanya, kuma ran da kuka je ta'aziyya ƙauye Hajiya ta yi maka faɗa don ka wuce dattawa a bakin gari ba ka tsaya ka yi sallama ka tambaya ba. Kana son sanin ko tsayawar nan dole ce a al'adarmu, ko kuwa abu ne na zamanin da babu na'ura. To, gaskiya tana wajen Hajiya. Amma ba zan ce ka jefar da na'urarka ba, domin tana da amfaninta.

Bari in fara ba ta haƙƙinta. Aikinta ya dogara ne da taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda sojojin Amurka suka harba, sama da 24, suna kewaya duniya a nisan kilomita wajen 20,000. Na'urar sauraro kawai take yi, idan ta kama saƙon huɗu daga cikinsu sai ta lissafa inda kake. Tun shekarar 2000 da Amurka ta daina dagula saƙon da farar hula ke samu, kuskurenta bai wuce 'yan mitoci ba a fili. Saƙon nan kyauta ne, da mai tsada da mai araha duk shi suke sha. Ba ta cin data, ba ta neman sabis, domin taswirar tana cikinta. Inda wayarka ta ɗauke a tsakiyar daji, ita tana nan tana aiki. Da daddare, ko lokacin hunturu da hazo ya rufe gari, za ta gaya maka akwai kwana a gaba tun kafin fitilarka ta haska ta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma da direbobin zamanin da sun same shi, da sun yi murna.

Sai dai araha ba ta ado. Inda aka rage kuɗin shi ne taswira. Manyan kamfanoni irin su Garmin da TomTom sukan sabunta tasu, amma irin waɗannan marasa suna galibi taswirar da aka zuba musu ran farko da ita za su mutu. Dubi Kano kaɗai: gadar Ƙofar Nassarawa, da ta Dangi, da ta Hotoro, da hanyar ƙarƙashin ƙasa ta Gadon Ƙaya, duk ba su daɗe ba. Tsohuwar taswira za ta ce ka yi kwana a shataletalen da aka riga aka rushe. Ga kuma sunaye. Rubuta Tudun Wada ka gani: akwai ta Kano, akwai ta Zariya, akwai ta Kaduna, akwai ta Jos, akwai ta Gusau. Haka Sabon Gari. Lungunan cikin birni kuwa ba ta ma san da su ba, don mu ba da lamba muke kwatance ba, cewa muke bayan masallacin Juma'a, ko kusa da gidan mai unguwa. Jikinta ma bai son ranarmu. A watan Afrilu robar da ke riƙe ta a gilashi takan saki ta faɗo kan giya, batirin ya kumbura, fuskarta ta dushe da tsakar rana har sai ka kare da hannu kafin ka ga rubutu.

Duk wannan mai sauƙi ne. Babbar matsalarta ita ce ta san inda hanya ta bi, amma ba ta san halin da hanyar ta kwana ba. A daminar 2017 gadar Tatabu da ke tsakanin Mokwa da Jebba ta karye, manyan motoci suka yi kwanaki a jere. Wace na'ura mai tsohuwar taswira ce za ta faɗa maka haka? Amma mai shayin tasha ya sani tun da asuba. Ba ta san ranar Juma'a kasuwar Wudil ke ci ba, motocin shanu su cika bakin gada. Ba ta san Maigatari Alhamis ce ba. Ba ta san rafin da ake ƙetarewa a bushe da rani ya kawo ruwa a watan Agusta ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne idan ka sa ta zaɓi hanya mafi kusa, za ta iya cusa ka dajin Birnin Gwari ko wata ɓarauniyar hanya ta Zamfara bayan la'asar, inda direbobin haya da kansu ba sa shiga sai sun ji labari. Tun kafin a haife mu ake cewa hanyar lafiya a bi ta da shekara, kuma na'urarka mitoci kawai take ƙirgawa.

Nan ne asalin al'adar. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayo goro suna da madugu, suna da jagaba wanda ya san hanya kamar tafin hannunsa. Duk da haka ba sa tashi daga zango sai sun ji ta bakin mutanen gari da ayarin da ya fito daga gaba: ina ruwa, ina 'yan fashi, wane sarki ne ya ƙara kuɗin fito. Wanda ya san hanya ma tambaya yake yi, domin abin da ake nema labarin yau ne. Shi ya sa aka ce matambayi ba ya ɓata.

Akwai kuma ɓangaren da ya ɓata wa Hajiya rai, wanda bai shafi ɓata hanya ba sam. Kai baƙo ne, ka shigo garin mutane. Dattawan da ke zaune a gindin bishiyar nan, wataƙila rabinsu 'yan'uwan mamacin ne, kuma bayan ɗan lokaci za ka same su a kan tabarmar zaman makoki. Ka wuce su da gilashi a rufe, ka bar musu ƙura, sannan ka zo kana miƙa musu hannu kana cewa ya haƙuri. Ba za su ce maka komai ba, amma za su tambayi ɗan gidan wane ne, kuma sunan mahaifinka za a ambata. Ko da ka san gidan, tsayawar gaisuwa ce, kuma sanarwa ce cewa ga wanda ya shigo da abin da ya kawo shi.

Ga yadda aka koya mana. Ka gangara gefe, ka kashe rediyo da muryar na'urar. Idan manya ne ka fito daga motar, kada ka yi musu hon, kada ka yafito su da hannu ta taga. Ka yi sallama, ka ce sannunku da hutawa, ka tambayi lafiya da iyali, in damina ce ka ce ya ruwa. Sai an amsa sannan ka ce, don Allah Baba tambaya nake. Idan suka haɗa ka da yaro ya raka ka, ka sallame shi da ɗan wani abu, kuma kada ka bar shi ya dawo da ƙafa daga nesa. Kada ka nufi matan aure da tambaya alhali ga maza a wurin.

Tambayar ma tana da nata rauni, ban ɓoye maka ba. Wani yana jin kunyar ya ce bai sani ba, sai ya nuna maka ko'ina. Wani ya ce maka nan kusa ne, ka yi ta tafiya har ka gaji. A nan na'urarka za ta taimake ka, ka gwada abin da aka faɗa maka da abin da take nunawa, in sun saɓa ka tambayi mutum na biyu. Kuma a wannan zamani ba kowa ake gaya wa inda za a kwana ba. A kan babbar hanya ka nemi tasha, ka tambayi direbobin da suka fito daga can yau, ko ɗan kamasho, ko mai faci. Kada ka tsaya wa mutum ɗaya a wurin da babu gari.

Kafin tafiyarku ta gaba, ka kai na'urar wajen masu gyaran waya su duba ko taswirarta tana sabuntuwa, ka canza ta daga hanya mafi kusa zuwa manyan tituna, ka rubuta inda za ka tun motar tana tsaye. Idan ka yi fakin ka cire ta daga gilashi saboda rana da ɓarayi. Sannan ka kira wani a gidan da za ku sauka ya gaya maka ta inda ake shigowa a wannan makon. Ka ba Hajiya haƙuri, ka gaishe ta, ka ce ina nan tafe bayan sallah in Allah ya yarda.

Baffanka.