Mai sihiri na danne mayaƙi a teburinku

Ɗan'uwa, ka tambaya game da Dungeons & Dragons (D&D), wasan tebur da kowa ke taka rawar wani jarumi, ko laifin bugun littafin dokokin wasan ne mai sihirinku ke gama faɗa kafin mayaƙi ya zare takobi. Da gaskiyarka, musamman a D&D 3.5 na 2003. Bugu na 4 a 2008 ya tsara ikon kowa kusan iri ɗaya, wasu suka ce armashi ya tafi. Ni na fi son na 5 na 2014: sihirin da ke buƙatar natsuwa guda ɗaya tak ake riƙewa, kibiya ta sami mai sihirin kuwa, sihirin yana iya wargajewa.

Amma duba hutun da jarumanku ke yi a cikin wasan, don dogon hutu ne ke maido wa mai sihiri sihirinsa. In ana barci bayan kowane faɗa, sihirinsa ba ya ƙarewa. Jera musu arangama shida kafin dogon hutu, za ka ga mayaƙin ya haskaka.