Jakunkunan fatar mesa za su wuce kwastan idan na kai su bikin baje kolin aikin hannu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sana'ar ɗinkin jakunkuna da takalman fata, duk da hannu. An zaɓe ni cikin waɗanda za su kafa rumfa a wani bikin baje kolin kayan sawa da aikin hannu a Turai, inda masu sana'a daga ƙasashe daban-daban za su hallara. Cikin kayana akwai jakunkuna goma sha biyu masu murfin fatar mesa, su ne kuma suka fi ɗaukar ido. Ejan ɗin da ke shirya mini tafiya ya ce kayan hannu ba ruwan kwastan da su, in raba su cikin akwatunan abokan tafiya, in an tambaya a ce tsaraba ce. Sai kuma wata ta ce mini an taɓa ƙwace nata a filin jirgi. Jarina kaf yana cikin kayan nan, ko barcin kirki ba na yi. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Barka da samun wannan dama. Bukukuwa irin wannan, daga na Santa Fe a Amurka da aka fara a 2004 zuwa SIAO na Wagadugu da ake yi tun 1988, ba kowa ke samun rumfa a cikinsu ba, kuma mai sana'a kan samu dillalin da zai riƙa sayen kayanta shekara da shekaru daga zama ɗaya. Amma jakunkunan nan goma sha biyu, kada ki sa su a akwatin kowa.

Wannan zance na cewa kayan hannu ba ruwansu da doka ya ishe ni. Kullum sai na ji shi, kuma kullum daga bakin wanda ba shi zai tsaya gaban jami'i ba. Jami'in kwastan bai damu da ko allura ce ta ɗinka jakar ko inji ba. Abin da yake tambaya shi ne fatar wace dabba ce, ina kuma takardarta. Yarjejeniyar CITES, wadda aka sa wa hannu a 1973 kuma ƙasashe sama da 180 ke cikinta, ta kasa dabbobi da itatuwan da ake fargabar ƙarewarsu rukuni uku. Na rukunin farko ba a cinikinsu tsakanin ƙasashe, kamar kunkurun teku. Mesar Afirka tana rukuni na biyu, haka guza da damo. Shi kuwa kada, ya danganta da ƙasar da ya fito, na wasu ƙasashen yana na farko, na wasu yana na biyu. Rukuni na biyu ana cinikinsa, amma sai da takardar izinin fitarwa daga hukumar CITES ta ƙasarki, Tarayyar Turai kuma tana ƙara neman nata izinin shigarwa, wanda ake karɓa kafin kayan su taso. Dokar ba ta ware ƙaramin yanki ba. Ɗan ƙyallen da bai kai faɗin tafin hannu ba a kan murfin jaka, hukuncinsa ɗaya da na fatar gaba ɗaya.

Na san inda ejan ɗinki ya tsinto zancensa. Akwai sassaucin da ake yi wa matafiyi a kan kayan amfanin kansa, misali abubuwa har huɗu na fatar kada ga mutum ɗaya, a ƙasashen da suka yarda da hakan. Su kuma 'yan na-iya suka ɗauki wannan suka mayar da shi hanyar fataucin kaya. To sassaucin na abin da kike rataye da shi ne ko kike sawa, ba na sayarwa ba. Ga ki da takardar gayyatar biki, ga lambar rumfa, ga jakunkuna sababbi fil iri ɗaya da tambarinki a jiki, wasu ma da takardar farashi. Wa zai yarda tsaraba ce? Raba su cikin akwatunan mutane kuwa shi ne mafi muni, domin ya fitar da ke daga wadda ta yi kuskure ya sa ki cikin wadda ta shirya fasa-ƙwauri, ya kuma jawo bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba.

Wannan dabara an riga an gwada ta. Nancy Gonzalez, 'yar Kwalambiya, fitacciyar mai zayyana jakunkuna ce da manyan kantunan Amurka ke sayar da kayanta. Ta riƙa bai wa 'yan'uwa da abokai da ma'aikatanta jakunkunan fatar kada da mesa su shiga da su Amurka a jiragen fasinja, a kan su ce kyauta suka kawo. A watan Afrilun 2024 wata kotu a Miami ta yanke mata ɗaurin wata 18. Abin takaicin, fatun da ta yi aiki da su ba haramtattu ba ne. Takarda kawai ta ƙi nema. Mai lauyoyi da suna ke nan.

Ba zan ɓoye miki ba, neman izinin yana da cin rai. Za a tambaye ki inda fatar ta fito, kuma mafi yawan dukawa a hannun dillali suke saye, shi ma a hannun maharbi ya saya, babu ko rasit. In babu shaidar asalin fatar, izini ba zai fito ba, ko da za ki kwana a ƙofar ofishin. In akwai shaidar, a je a dawo kan cinye makonni, wani lokaci har biki ya watse takarda na kan teburin wani. Haushin hakan na ji, amma ba ya halatta bin ta bayan gida. Duk wanda ya ce zai kawo miki izinin CITES cikin kwana biyu in kin ba shi wani abu, takardar bogi zai buga miki, ita kuma laifinta daban.

Shawarata, in bikin ya matso, ki ajiye na mesar a gida. Ki sauya murafen da fatar akuya ko tunkiya, ki yi musu ado da zare ko yankan fata mai launi. Masu zaɓen kaya a irin waɗannan bukukuwa hannunki suke kallo: daidaiton ɗinki, gyaran baki, yadda kika haɗa tsohon salo da abin da matan yau za su riƙe. Da yawa cikin masu saye a Turai ma suna ƙyamar fatar namun daji. In kin yi amfani da fatar saniya da aka buga wa zanen ɓawon mesa, ki karɓi wasiƙa daga majemar da ta yi ta, don jami'i na iya riƙe kayan har sai an tantance.

Ki sake duba sauran kayan. Maɓallin haure ko na haƙorin dorina, gashin tsuntsun daji, murjani, mariƙin jaka na madobiya, wanda ya shiga rukuni na biyu a 2017, duk suna iya tsayar da akwati. Ki tambayi majeminki da me ya jeme fatar. Tun 2015 Tarayyar Turai ta hana sayar da kayan fata masu taɓa jiki in sinadarin kuromiyam mai guba ya kai miligiram 3 a kilo. Jimar bagaruwa ba a sa kuromiyam a cikinta, wannan ma abin faɗa wa mai saye ne.

Sai takardu. In an ce ki yi takardar ATA, ki sani ta kayan nuni ce da za ki dawo da su, tana aiki shekara ɗaya, ba ta rufe kayan sayarwa. Na sayarwa sai an rubuta su ɗaya bayan ɗaya, da irin fatar, da adadi, da ƙima ta gaskiya, a biya haraji. Ki rubuta wa masu shirya bikin da kanki, ba ta hannun ejan ba, ki nemi ƙa'idojinsu na shigo da kaya da sunan kamfanin da ke yi musu fiton kaya a kwastan. Ki haɗa musu da hoton kowace jaka da bayanin abin da aka yi ta da shi, ki kuma nemi amsarsu a rubuce kafin ki biya kuɗin tikiti.