Amsa ga Kawu: mu ma ana ɗauke mana wuta a Kanada

Kawu, Allah ya ƙara girma. Saƙonku ya iso, na saurare shi har ƙarshe, har da dariyar abokan zamanku na bakin shago da kuka ce musu wai a Kanada ma ana kwana cikin duhu. Ku gaya musu ba ƙarya na yi ba. Kun tambayi abin da ya hana Turawan nan binne wayoyinsu a ƙasa su huta, tun da ba kuɗi suka rasa ba. Sai kuma tambayar ƙarshe, wadda na san ta Inna ce kuka ɗauko mata, wai mu da yara yaya muke yi. Na ga gara in zauna in rubuta.

Ba ƙarancin wuta ke damun mu ba. Jihar Kebek da muke ciki tana da manyan madatsan ruwa can arewa mai nisa, kamfanin gwamnati ne ke riƙe da su, Hydro-Québec, kuma wutar ta yi yawan da har Amurka ake sayar wa. Ku a Maradi taku daga Katsina take shigowa ta Gazawa, kun kuma ga abin da ya faru a Agustan 2023 da Najeriya ta katse ta. Nan wutar tana nan ba ta je ko'ina ba, hanyarta ce ke karyewa.

Abin da ya fi karya ta ba dusar ƙanƙarar da kuke gani a hoto ba ce. Ita wannan ba ta da nauyi sosai, an kuma saba da ita, da asuba motoci sun kwashe. Mugun shi ne ruwan sama da ke sauka a ranar da can sama iska ke da ɗumi, nan ƙasa kuwa sanyi ya wuce sifiri. Yana saukowa ruwa ne sak, amma da ya taɓa abu sai ya daskare a jikinsa nan take. Ya hau waya ya daskare, wani ya zo ya hau kansa, haka haka har waya mai kaurin yatsa ta koma kaurin damtse. Bishiyoyi kuwa sai ka rantse an tsoma su cikin narkakkiyar alewa an tsamo. Da kyau a ido ƙwarai. Amma idan ka tsaya bakin taga da dare, abin da za ka riƙa ji shi ne ƙarar rassa suna tsagewa ɗaya bayan ɗaya, wani ya faɗa kan mota, wani kan waya, ka ga walƙiya shuɗiya daga can ƙarshen layi, shi ke nan unguwa ta yi ɗif.

Wanda har yau tsofaffin nan ke ba da labari shi ne na Janairun 1998. Kwanaki aka jera ana wannan ruwa, a wasu wurare abin da ya sauka ya kai milimita 100. Ba turakun katako kaɗai suka faɗi ba, manyan hasumiyoyin ƙarfe masu ɗauke da babban layi suka riƙa durƙushewa, wannan ta faɗi ta jawo ta kusa da ita, ɗaruruwa. Gidaje da wuraren sana'a kusan miliyan 1.4 suka rasa wuta a Kebek kaɗai, sai da aka fito da sojoji sama da 15,000. Garuruwan da ke kudu maso gabashin Montiriyal, birni mafi girma a Kebek, wasunsu sun yi wata guda a haka, a tsakiyar hunturu. Wanda mu muka gani da idonmu shi ne na 5 ga Afrilun 2023, azumi na neman rabi, lokacin da sama da gidaje miliyan ɗaya suka rasa wuta, kuma Montiriyal ce ta fi jin jiki. Allah ya taimaka an fara fita daga tsananin sanyi, da a Janairu ne da labarin ya sha bamban.

A nan ne nake so ku tsaya ku fahimce ni, Kawu, don shi ne abin da mutanen gida ba sa ganewa. A Maradi idan an ɗauke wuta cikin bazara, wahala ce: a fito da tabarma tsakar gida, mai ƙanƙara ya yi asara, tela ya naɗe hannu. Amma gidan bai mutu ba. Murhu yana nan, randa tana nan. Gidan nan kuwa kacokan a kan wuta aka gina shi. Yawancin gidajen Kebek da lantarki ake ɗumama su, da shi ake girki, da shi ake dafa ruwan wanka. Ko mai ɗumama gida da gas, injin da ke hura ɗumin lantarki yake ci. Mai zama a hawa na goma na'urar hawa ta tsaya masa, wani ginin har famfo ya ɗauke don injin tura ruwa sama ya mutu. Idan waje yana digiri 20 ƙasa da sifiri, ɗaki yana hucewa sannu a hankali, kafin kwana biyu kana ganin tururin bakinka a falo. Daga nan ruwan da ke cikin bututu ya daskare ya fasa shi, ranar da wuta ta dawo kuma gida ya cika da ruwa.

Namu mutanen kuwa sukan zo da gadara. Wanda ya tashi a unguwar Zariya ko Bagalam a Maradi yakan ce shi za a gaya wa ɗauke wuta? Rabin abin da ya sani yana yi masa amfani sosai, don ba ma ruɗewa kamar 'yan ƙasa, mun iya cin abinci a duhu, mun iya wanka da buta. Ɗaya rabin kuwa kisa yake yi. Abin da hannu ke fara kaiwa gare shi idan sanyi ya matsa shi ne gawayi, yadda ake shigar da kaskon garwashi ɗaki lokacin ɗari. A gida ma yana kashewa, amma ɗakunanmu na can suna da kafofi, iska na zagayawa. Na nan an toshe su ruf, taga gilashi biyu, bakin ƙofa da roba. Gubar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, ciwon kai ne da barci mai daɗi, shi ke nan. A 2023 mutane da yawa aka kwasa zuwa asibiti a Montiriyal saboda ita, wani bawan Allah kuma a wajen gari ya rasu bayan ya tayar da janareta a cikin garejinsa. Shi ya sa duk baƙon da ya sauka a hannunmu, ɗalibi ne ko amarya, kafin a nuna masa inda ake sayar da naman halal sai an yi masa wannan huɗubar: ba gawayi a ɗaki, ba janareta a gareji, ba zama cikin mota a kunne a rufaffen wuri, ko da ɗan murhun shayi ne. Dattijonmu, wani Badamagare da ya fi kowa daɗewa a nan, idan ya kai ziyarar barka da zuwa abin da yake riƙowa shi ne 'yar na'urar da ke ihu idan ta ji wannan guba, shi da kansa yake hawa kujera ya manna ta.

Ku faɗa wa Inna ga yadda muke yi. Hukumar yanayi takan yi gargaɗi tun kafin ruwan ya iso, gwamnati kuma ta ce kowane gida ya tanadi abin da zai riƙe shi kwana uku. Mu namu tanadin ya fi nasu sauƙi, garin rogo, ƙuli-ƙuli, dabino, ruwan zafi a fulas, tocila, rediyo mai batir. Sai kuɗi a hannu, don nan da kati ake sayen komai, kuma na'urar katin ba ta aiki idan ba wuta ba rezo. A cika mota da mai tun da wuri, gidan mai ma famfonsa lantarki ne. Sannan mun san unguwar kowa. Wuta ba ta cika ɗaukewa duk gari lokaci ɗaya ba, saboda haka da an ji shiru sai a fara kira, wa ke da wuta, wa ke da jariri, wa ke zaune shi kaɗai. A ƙasar nan ba a zuwa gidan mutum sai an yi masa waya an sa rana, mu ma mun koyi hakan, har mun fi su. Ranar ƙanƙara dai wannan doka ta faɗi, sallama kawai ake yi a shiga.

A wancan azumin, gidan wata Hajiya 'yar Tasawa ne wuta ba ta ɗauke ba, ɗaki biyu da falo. Mata da yara suka cika ɗakunan, maza muka jeru a falo, takalman sanyi sun yi tsibi a bakin ƙofa suna ɗigar ruwa. Kowa ya kwaso naman da ke firigonsa kafin ya lalace, tukwane suka kwana kan wuta, aka yi buɗa-baki da sahur da nama kamar ranar layya. Wayoyi kuwa layi suka yi a jikin soket ɗaya, wani yaro aka naɗa sarkin caji, duk wadda ta kai rabi sai ya zare ya sa ta gaba, ba ya jin roƙon kowa, har limaminmu. Wata tsohuwar Baturiya maƙwabciyar ɗaya daga cikinmu, wadda 'ya'yanta ke wani gari, ita ma da ita aka zo, ta sha kunu ta ce a ƙara. Birni yakan buɗe wuraren jin ɗumi, ana kuma zuwa, amma matanmu sun fi sakewa a gidan nasu.

Kun yi ƙorafin kun neme ni a waya ba ku samu ba. Intanet ɗin gida akwatinsa lantarki yake ci, wayarsa kuma galibi a kan turken wutar take rataye, reshen da ya tsinke wannan ya tsinke waccan. Eriyoyin salula batir ne ke riƙe su na wasu sa'o'i, ga kowa ya koma kansu lokaci ɗaya. Idan haka ta sake faruwa ku turo rubutu gajere, shi yana lallaɓawa ya shige inda murya ta kasa.

To, batun binnewa. Ku da kuka shekara kuna sayar da waya a kasuwa kun san wadda ake sakawa a ƙasa ba kuɗinsu ɗaya da ta sama ba. An binne a wasu wurare. Tun 1910 Montiriyal ke da hukuma ta musamman mai kula da ramukan wayoyi na ƙarƙashin titi, kuma tsakiyar birnin ba ka ganin turke. Sababbin unguwanni ma sau da yawa ana binnewa, tun da an riga an tona don bututun ruwa. Matsalar tsofaffin unguwanni ce da ƙauyuka. Sai an fasa kwalta, a kauce wa bututun gas da na ruwa, a yi fama da dutse, ga ƙasar da ke daskarewa fiye da zurfin mita ɗaya duk hunturu, sannan a sake jona kowane gida ɗaya-ɗaya. Kuɗin yana ninka na sama sau da dama, kuma a takardar kuɗin wutar kowa zai fito. Duk bayan ƙanƙara sai 'yan siyasa da jaridu su ɗauki maganar da zafi, da an ambaci kuɗin sai murya ta yi ƙasa, kafin ganye ya tsiro an manta.

Ko an binne ma ba a gama ba. Wayar sama idan ta tsinke kana ganin ta kwance a titi, ta ƙasa sai an yi ta laluben inda ta lalace, a tona, gyaran ya fi daɗewa. Ruwa kuma maƙiyinta ne: a 2012 guguwar Sandy ta tura ruwan teku cikin kudancin Manhatan a birnin Niyok, inda komai a ƙasa yake, suka yi kwanaki a duhu. Manyan layukan da ke kawo mana wuta daga arewa, masu ƙarfin kilobolt 735, tafiyar kusan kilomita 1,000 suke yi cikin daji, ba mai maganar binne su. Abin da aka yi bayan 1998 shi ne ƙarfafa hasumiyoyin, a riƙa sa wata ƙaƙƙarfa a tsakani don idan jeri ya fara faɗuwa ya tsaya a kanta, da kuma ƙara hanyoyi ta yadda idan wannan ta yanke wuta ta zagayo ta waccan. A jihar Tekzas ta Amurka kuwa, Fabrairun 2021, tashoshin wutar ne da bututun gas suka daskare, hukuma ta ƙirga mutum 246 da suka mutu, kuma da an binne kowace waya a jihar ba abin da zai canza. Ni a ganina a binne inda jama'a suka yi cunkoso da layin asibitoci, sauran a sare rassan da suka yi kusa da waya. Sai dai mutanen nan suna son bishiyarsu kamar me, ka ga mutum ya kwana uku a duhu, an zo sare reshen ƙofar gidansa ya fito yana faɗa.

Da kuka ce ko Maradi za ta gwada, ban ga abin da zai saya muku ba a yanzu. Iskar farkon damina tana kayar da turaku, gaskiya ne, amma ana tayar da su cikin kwana ɗaya ko biyu. Garin da ambaliyar Gulbi ta tayar daga kwari ya hau tudu a 1945, wanda kuma ruwan ƙarshen Agustan 2024 ya yi wa ɓarnar da kuka gani, kamata ya yi a fara yi masa magudanai kafin a saka masa waya mai wuta a ƙarƙashin titi. Kuma wayar da aka binne ba ta ƙara ko ɗigon wuta idan can inda ake turo ta aka rufe. Kuɗin tonon gara a zuba shi a farantan hasken rana, wannan kam rana ba ta yi muku rowa ba. Faranti biyun da kuka ce za ku ɗora kan shago ku aiko mini da farashinsu da na batir, in ga abin da zan iya kamawa kafin bazara ta shigo.

A gaida Inna da mutanen bakin shago.