Hukuncin kallon shirye-shiryen da ake tara shahararru a gida guda

Tambaya: Malam, a fadarmu ta unguwar Sabon Gari nan Damagaram muna kallon shirin nan da ake kulle mawaƙa da ƴan wasa, maza da mata, a gida ɗaya ana ɗaukarsu dare da rana. Wasunmu na cewa ba laifi, tunda su suka yarda a kalle su. Mene ne hukuncinsa, da hukuncin kuɗin da ake kashewa wajen zaɓen gwani?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗana, talabijin kayan aiki ne, hukuncinsa na bin abin da aka nuna a ciki. Gasar girki ko musabaƙar Alƙur'ani, in babu tsiraici da kaɗaitar namiji da mace, halal ce. Wanda ka siffanta haramun ne.

Irin wannan shiri ya yi suna ne da Big Brother, wanda aka fara a Holan a 1999, ya iso Afirka a 2001. Ana ɗaukar awa 24, sai masu tacewa su yanko abin da zai riƙe mai kallo: faɗa, kishi, rungume-rungume, gulmar wanda ya ba da baya. Sukar da masana harkar suka daɗe suna yi ke nan, cewa abin da ake kira rayuwar gaskiya an tsara shi ne. Shi ne kuma sirrin farin jininsa, domin rai na son leƙa ɗakin wanda ya yi suna. A 2004 an dakatar da na Larabawa a Bahrain kafin ya cika mako biyu saboda zanga-zangar jama'a.

Hujjar abokanka tana da rabin gaskiya. Yardar waɗanda ake ɗauka ta ɗauke sunan tajassusi, wato leƙen asirin mutane, da aka hana a Suratul Hujurat, aya ta 12. Amma al'aura haƙƙin Allah ce, mai ita ba shi da ikon halatta wa wani kallonta. Umarnin runtse ido a Suratun Nur, aya ta 30 da 31, yana kan mai kallo ne, ko an yarda ko ba a yarda ba. Kallon farko na ba-zata shi aka yafe. Wanda ya biya kuɗin wata ya shimfiɗa tabarma ya ɗora shayi, ina ba-zata a nan? Su kuma da suka yarda, a ji musu tsoron hadisin Bukhari da Muslim, cewa dukkan al'umma ana yi mata afuwa sai masu bayyana saɓonsu.

Kuɗin zaɓe taimako ne a kan zunubi, Suratul Ma'ida aya ta 2 ta hana. In kuma an ce mai tura saƙon zaɓe ta waya na iya cin kyauta ta hanyar ƙuri'a, alhali kuɗin saƙon ya fi na yau da kullum, caca ta shigo ciki, ko da dala ashirin ce.

Biyan kuɗin tashoshi don labarai da ƙwallo bai haramta ba. Sai dai mai akwatin ya shiga saitin kulawar iyaye, ya sauya lambar sirrin da ta zo da shi (yara sun san ta), ya rufe tashar. Guntayen da ake yaɗawa a WhatsApp da TikTok hukuncinsu ɗaya ne, mai turawa kuma laifinsa ya fi na mai kallo, don yana yaɗa alfasha. In ka yi wa ƴan fadarku nasiha cikin laushi suka ƙi, ka tashi idan an kunna, ka dawo idan an kashe.

Wallahu a'alam.