Kun Tambaya, Mun Amsa: Ruwan Sha, Mashaƙo da Zazzaɓin Damina a Unguwannin Kano

Yawancin wasiƙun wannan watan daga cikin birnin Kano da kewayensa suka fito, kuma ko da yake kowa damuwar gidansa ya kawo, duk sun haɗu a kan cututtukan da ba sa tsayawa a gida ɗaya, waɗanda ke bin layi suna shiga unguwa. Mun zaɓi guda uku.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. A layinmu an daɗe rabonmu da ruwan famfo, daga wajen 'yan ga-ruwa muke saye. Da damina ta kankama, yarana biyu da wasu yaran maƙwabta suka kamu da amai da gudawa, alhali ni ina iya bakin ƙoƙarina wajen tsaftar gida. Ta ina ciwon nan yake shigowa, kuma me ya kamata in yi? Daga wata uwa a Kurna.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ƙara wa yaran lafiya. Kada ki ɗora wa kanki laifi, domin tsaftar tsakar gida ba ta isa ta tare ciwon da ya biyo ruwan sha. Kwalara da taifot da yawancin gudawar yara hanyarsu ɗaya ce: ƙwayar cutar tana fita a bayan-gidan mai ɗauke da ita, ta samu hanyar shiga ruwa ko abinci, sannan ta koma cikin wani.

A Kano wannan hanya a buɗe take saboda yadda garin ya cika ya batse. Ruwan da ake tacewa a Tamburawa da Challawa da Watari bai kai yawan jama'ar da ke bukatarsa ba, don haka unguwanni da dama sun koma ga rijiya da burtsatse da kurar mai ruwa. Ƙa'idar masana ita ce a bar tazarar kamar mita 30 tsakanin rijiya da masai, amma duk wanda ya san girman filayen gidajenmu ya san cewa rijiyar wani sau da yawa bango ɗaya ne ya raba ta da masan maƙwabcinsa. Idan ruwan sama ya sauka ƙasa ta jiƙe, abin da ke cikin ramin masai yana tsatsafowa ya haɗu da ruwan rijiya, kuma ruwan zai fito garai-garai ba wari ba launi. Hatta inda famfo yake zuwa, bututun da ya bi ta cikin kwata ya kuma tsage yakan zuƙo ƙazanta a lokacin da aka ɗauke ruwa, shi ya sa ruwan da ya fara zubowa bayan doguwar yankewa bai dace da sha ba.

Sai kuma jarkar mai ruwa da randar gida. Ki leƙa cikin jarkar da ake kawo miki ruwa da ita, sau da yawa za ki tarar da koren gansakuka ya kama cikinta. A gida kuma moɗa ɗaya ce kowa ke tsomawa a randa, har yaron da ya fito daga bayi bai wanke hannu da sabulu ba. Saboda haka ki ware ruwan sha daban: ki tafasa shi har ya yi ta ɓararraka, ko ki sa masa maganin tsarkake ruwa na kulorin irin su WaterGuard ko Aquatabs gwargwadon yadda aka rubuta a jiki, ki jira rabin sa'a, sannan ki ajiye shi a mazubi mai murfi da ƙaramin baki wanda sai dai a tsiyaya, ba a tsoma hannu. Na san gawayi da gas sun yi tsada, shi ya sa na fi kwaɗaitar da ke kan kulorin, wanda kuɗinsa bai kai na itacen tafasa ruwa ba. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta.

Idan gudawar ta riga ta fara, abin da ke kisa shi ne ƙarewar ruwan jiki. Ki jiƙa ƙullin ORS ɗaya, wato garin gishiri da sukari na asibiti, a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ki riƙa ba yaron kaɗan-kaɗan ba ƙaƙƙautawa, ko da yana amai. In babu ORS a kusa, ki haɗa ƙaramin cokalin shayi shida na sukari, a shafe ba a tula ba, da rabin ƙaramin cokalin shayi na gishiri a lita ɗaya. Ki haɗa masa da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14, kuma kada ki janye nono ko abinci. Amma idan bayan-gidan ya koma fari tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, ko idanu suka zurma, ko fitsari ya ɗauke, ko yaron ya kasa sha, to a nufi asibiti a wannan lokacin ko da tsakar dare ne, domin kwalara tana iya kayar da babban mutum cikin 'yan sa'o'i.

Tunda ba gidanki kaɗai abin ya shafa ba, ki sa maigidan ya sanar da mai unguwa da asibitin sha-ka-tafi mafi kusa. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka masu yaɗuwa, kuma aikinsa ne ya bi sawu ya gano ko rijiya ɗaya ce ko burtsatse ɗaya duk masu ciwon suka sha. Ɓoye irin wannan ciwo don gudun surutun mutane shi ne yake ba shi damar cin unguwa.

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Matata ta matsa sai an kai jaririnmu allurar rigakafi saboda cutar mashaƙo, ni kuwa zuciyata ba ta kwanta da allurar nan ba. Mun san abin da ya faru da yaran Kano a shekarun baya. Kuma me ya sa ake bin mu gida-gida da ɗigon foliyo kyauta, amma in ka je asibiti ko farasitamol sai ka saya? Daga wani magidanci a Rijiyar Lemo.

AMSA: Malam, na gode da ka fito da abin da ke ranka, domin mutane da yawa suna da wannan shakku amma ba sa faɗa. Abin da kake nuni da shi ya faru da gaske. A shekarar 1996, lokacin babbar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, a wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba, kamfanin kuma ya dage cewa sanƙarau ce ta jawo ɓarnar, har dai aka sasanta da gwamnatin jiha a 2009 a kan dala miliyan 75. Duk ma'aikacin lafiyar da ya raina wannan tabo a zukatan Kanawa bai yi adalci ba.

Sai dai akwai bambancin da ya kamata ka riƙe. Trovan sabon magani ne da ake gwajinsa a kan marasa lafiya, ba allurar rigakafi ba ne. Rigakafin mashaƙo kuwa an shafe shekaru gommai ana yi wa yara shi a duk duniya, har da Saudiyya da Masar da Indonesiya. Kuma mun riga mun ga abin da ƙin rigakafi ya jawo mana. A 2003 aka dakatar da ɗigon foliyo, wato rigakafin shan-inna, a Kano saboda jita-jitar cewa yana hana haihuwa, ba a dawo da shi ba sai a watan Yulin 2004, kuma a tsakanin nan cutar shan-inna ta sake bazuwa, har daga baya ta kai ƙasashen da suka riga suka rabu da ita irin su Yaman da Indonesiya. Yaran da ƙafafunsu suka shanye a waɗannan shekaru yanzu samari ne da 'yan mata, muna ganin su a gari. Sai da sarakuna da malamai suka shigo cikin aikin, masu ɗigo suka yi ta bin lunguna, wasunsu ma suka rasa rayukansu a harin da aka kai musu a Kano a Fabrairun 2013, kafin a watan Agustan 2020 a tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan-inna. Yaran da aka ɗiga wa maganin a wancan lokaci kuwa ga su nan sun yi aure suna haihuwa.

Mashaƙo ta dawo ne ta wannan ƙofa. Tun daga ƙarshen 2022 da cutar ta ɓarke a Nijeriya, Kano ce ta fi kowace jiha yawan masu kamuwa, kuma mafi yawansu yara ne da ba a yi musu rigakafi ba ko ba su kammala ba. Cutar tana yaɗuwa ta tari da atishawa, saboda haka cunkoson ɗakunan kwana da azuzuwa da makarantun allo yana taimaka mata. Tana farawa da ciwon maƙogwaro da ɗan zazzaɓi, sai wata fata mai ruwan toka ta shimfiɗu a maƙoshi, wuya ya kumbura, numfashi ya riƙa fita da ƙara. Dafin da ƙwayar ke fitarwa yana iya taɓa zuciya da jijiyoyi ko bayan maƙogwaron ya yi sauƙi. Ina roƙon iyaye da babbar murya: yaro mai irin wannan alama kada a kai shi wajen wanzami a cire masa beli, kada kuma a kankare fatar da yatsa ko da cokali, domin jini zai ɓalle kuma hanyar numfashi na iya toshewa. Maganinsa allurar karya dafi ce da maganin kashe ƙwayar cuta, a asibiti kaɗai ake samun su, kuma sauran mutanen gidan ma suna bukatar a duba su.

Allurar da maiɗakinka take magana a kai ita ce Penta, wadda ake yi a mako na 6 da na 10 da na 14 bayan haihuwa. Tana kare yaro daga mashaƙo da tarin shiƙa da sandarewar jiki da ciwon hanta nau'in B da wata ƙwaya mai jawo sanƙarau da ciwon huhu. Sai an yi ukun kariyar take cika, kuma a nan ne iyaye da dama ke yankewa, saboda jariri ya yi zazzaɓi ya kwana yana kuka bayan ta farko. Wannan zazzaɓin na kwana ɗaya ko biyu ne, yana wucewa. A wata na 9 kuma akwai ta ƙyanda da ta shawara. Duk kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma idan akwai yayyensa da aka tsallake, a tafi da su a nuna wa ma'aikata.

Game da farasitamol, korafinka yana kan hanya. Yaƙi da shan-inna ya samu kuɗi masu yawa daga ƙasashen waje saboda duniya ta ƙuduri kawar da ita baki ɗaya, alhali maganin yau da kullum a asibitin unguwa nauyi ne na gwamnatocinmu. A Abuja aka yi taron 2001 inda shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi asusu na musamman don kula da lafiya a matakin farko. Hakkinka ne ka tambayi kansilanka da ɗan majalisarka inda wannan kuɗi yake tafiya a mazaɓarku. Amma hana jaririnka allura ba zai sa a kawo magani asibiti ba, shi kaɗai zai bari a fili. Ta fuskar addini kuma, ka tuna lokacin da Sayyidina Umar ya fasa shiga Sham saboda annoba, aka tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah yake gudu zuwa ƙaddarar Allah.

TAMBAYA: Likita, duk damina sai na yi zazzaɓi sau biyu ko uku. Idan na je kemis sai a ce maleriya ce da taifot, a haɗa mini allurai da ƙarin ruwa. Shin haka ya dace? Daga wani ɗalibi a Ɗorayi.

AMSA: Ɗan'uwa, bai dace ba. Ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba, kuma gwajin ɗigon jini na gaggawa yana bayar da amsa cikin minti 15 zuwa 20. Idan ya nuna akwai ta, maganinta ƙwayoyin haɗin maganin maleriya ne da ake kira ACT, na kwana uku, a sha da abinci, a kuma shanye su duka ko da jiki ya warware tun a rana ta biyu. Allura da ƙarin ruwa na wanda ciwon ya yi wa tsanani ne, kamar mai suma ko jijjiga ko aman da ba ya barin magani ya zauna, kuma irin wannan asibiti ne wurinsa. Gwajin Widal da ake dogara da shi a ce mutum yana da taifot yakan nuna akwai ciwon alhali babu, kuma shan maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai shi ne yake sa su daina aiki ranar da ake bukatarsu da gaske.

Yawan maimaituwar zazzaɓin kuwa yana nuna sauro yana samun ka kowane dare. Nijeriya ita kaɗai tana ɗauke da kimanin kashi ɗaya bisa huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya, kuma sauron da ke kawo ta a ruwan da ya kwanta yake hayayyafa: kududdufai, ramukan da aka haƙi ƙasar gini, tsofaffin tayoyi, da wuraren da ruwan sama ya taru saboda ledoji sun toshe magudana. Ka kwana cikin gidan sauro mai magani kullum, ba sai ranar da ka ji kukansa ba. Ku kuma matasan layinku ku yi amfani da Asabar ɗin ƙarshen wata ta tsaftar muhalli ku yashe kwata, ku nemi hukumar kwashe shara ta ɗauke abin da kuka fitar a ranar, domin idan aka bar shi a bakin kwatar ruwan sama na gaba zai mayar da shi ciki. Idan akwai ƙannenka 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, ka tabbatar sun karɓi maganin kariya daga zazzaɓi da ake rabawa gida-gida wata-wata a lokacin damina, kuma a ba su na rana ta biyu da ta uku da ake bar wa uwa a hannu.